Wai me masu tara agogo suke gani a jikin agogo mai kusurwa huɗu ne?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Tambaya ce dani kuma don Allah waɗanda suka san harkar su yi min bayani da kyau, ba gardama nake nema ba, so nake na fahimta.

Satin da ya wuce mun je ɗaurin auren ƙanwar abokina, bayan an shafa fatiha ana ta gaishe-gaishe sai na miƙa wa wani dattijo hannu, hannun rigarsa ya ɗan ja baya sai naga wani ɗan agogo siriri mai tsayi kamar kwalin ashana, fuskarsa fara tas, lambobin Romawa baƙaƙe, madaurin fata har ya fara nuna tsufa. Ni a raina na ɗauka irin tsofaffin agogunan nan ne da alhazai suke tsarabarsu da. Muna fita abokin nawa yace kasan me ke hannun Alhaji kuwa? nace a'a, yace Cartier Tank ne, kuma kuɗinsa zai sayi irin Seiko ɗin da ke hannuna fiye da goma. Wallahi tun ranar abin ya tsaya min a rai, ba don kuɗin ba, don yadda agogon ya zauna a hannun mutumin kamar dama tare aka halicce su.

Toh ni dai kusan shekara biyu kenan ina ɗan tara kuɗi inaso na sayi agogo ɗaya mai kyau wanda zan daɗe dashi har na bar wa yaro, kuma duk tunanina yana kan zagayayye mai sarƙa irin wanda kowa ya sani, yanzu kuma na shiga intanet naga masu tara agogo suna ta zuzuta masu kusurwa huɗun nan, Tank, Reverso, da wasu da ban ma iya kiran sunansu ba, wasu ma batir ne a ciki amma kuɗi kamar me. Shine nake tambaya me ake gani a jikinsu? yayi ne kawai da zai wuce ko akwai wani abu? kuma gaskiya wani abokina yace min agogon mata ne, namiji da babbar riga bai kamata ya ɗaura ɗan mitsitsin abu ba. Marigayi mahaifinmu yana da wani baƙin Rado dogo mai kusurwa, yana wajen yayanmu yanzu, ban taɓa jin wani yace masa na mata ne ba, shi yasa maganar bata shige ni ba amma dai inaso naji daga bakin masana.

Abu Khalil:

Wa alaikumus salam Ɗan Fagge. Abin da ya same ka a wajen ɗaurin auren nan shine ya same ni wajen shekara tara da suka wuce, kuma har yau ban warke ba, yanzu masu kusurwa huɗu uku gareni a cikin akwati, zagayayyun ma sai na yi sati ban taɓa su ba.

Bari na fara maka daga tushe. Kafin yaƙin duniya na ɗaya maza agogon aljihu suke riƙewa, da aka fara ɗaurawa a hannu ba wani sabon abu aka ƙera ba, agogon aljihun nan zagayayye aka ɗauko aka liƙa masa 'yar waya sama da ƙasa aka zura fata. Kaga kenan zagayayyen agogo gado ne daga aljihu. Shi kuwa mai kusurwa huɗu tun ranar farko don hannu aka zana shi, wannan shine abu na farko da masu tarawa suke girmamawa. Louis Cartier a Paris ya fara yi wa abokinsa Alberto Santos-Dumont, ɗan Brazil mai tuƙa jirgin sama, wani agogo mai kusurwa a 1904 saboda ya riƙa duba lokaci ba tare da ya saki sitiyari ya laluba aljihu ba, shine Santos ɗin da har yau ake sayarwa. Sai a 1917 ana tsakiyar yaƙi ya zana Tank, daga siffar tankar yaƙi ta Renault in ka leƙo ta daga sama, sandunan nan biyu na gefe sune ƙafafun tankar, fuskar agogon a tsakiya ita ce inda direba yake. Ya shiga kasuwa a 1919. Ka lura da kyau in ka sake ganin irinsa, sandunan gefen su ne suka miƙe suka zama kunnuwan da suke riƙe fatar, babu inda zaka ce nan agogo ya ƙare nan madauri ya fara, layi ɗaya ne ya zagaye hannu. Shi yasa kaga ya zauna a hannun Alhajin kamar tare aka halicce su, ba idonka bane, haka aka tsara shi.

Abu na biyu, da'ira da'ira ce, ko a ina ka ganta iri ɗaya ce, bambancin sai girma. Amma mai kusurwa dole mai zane ya yanke hukunci, tsayi nawa, faɗi nawa, kusurwar kaifi zata yi ko za'a ɗan tausasa ta, bayan agogon zai lanƙwasa ya bi hannu ko a miƙe zai tsaya, milimita ɗaya in aka ƙara ko aka rage sai abin ya lalace gaba ɗaya. Kamar ɗinkin kaftani ne, yadi ɗaya zaka ba teloli biyu, ɗaya ya fitar maka da wuya da kafaɗa kaji kamar kada ka cire, ɗayan kuma ka rasa me ke damun rigar amma dai baka sonta. Shi yasa Tank ɗin ma kala-kala ne kuma masu tarawa suna bin su ɗaya bayan ɗaya, akwai Cintrée na 1921 dogo siriri mai lanƙwasa, akwai Tank Louis Cartier na 1922 mai tausasan gefe wanda nake zaton shi ka gani, akwai Américaine na 1989, akwai Française na 1996 mai sarƙa. Ni a wajena Cintrée babu na biyunsa, na taɓa ɗaura na wani abokina na minti biyar a Dubai, nauyinsa kamar babu, amma kuɗinsa ba na yara bane kuma zinare ne don haka na cire na miƙa masa abinsa.

Ba Cartier kaɗai ba fa. Rolex da kowa ya sani da zagaye sun yi Prince a 1928, dogo, awa da minti a sama, sakan a wata 'yar fuska daban a ƙasa babba da ita, har ake ce masa agogon likita don likitoci suna ƙirga bugun jini dashi. Patek Philippe suna da Gondolo, sunan wani kanti ne a Rio de Janeiro da suke kai wa kaya tun da daɗewa. A Jamus A. Lange & Söhne sun yi Cabaret a 1997. Kuma Radon Baba da kake magana, Allah ya jiƙansa, in baƙi ne mai sheƙi wanda baya ƙarcewa to ko Integral ne da suka fitar a 1986 ko Ceramica na 1990, ka roƙi yaya ya bari ka ɗaura shi na sati ɗaya kafin ka kashe ko sisi, zai gaya maka ko kai mutumin wannan siffar ne.

Maganar na mata ne kuwa, ka nemo hotunan Muhammad Ali na 1976 kaga Tank a wannan hannun da ya kayar da Foreman, sai ka tura wa abokin naka.

Bakatsine:

Malam Abu Khalil ka yi bayani amma ka tsallake wanda ya fi kusa da mu, Reverso na Jaeger-LeCoultre, kuma ni ba zan bari a wuce shi ba don a gidan doki na tashi.

Labarin shi daga filin polo ya fara. Wani ɗan kasuwar Suwizalan, César de Trey, ya je Indiya wajen 1930 lokacin Turawan Ingila na mulki, hafsoshin soja masu buga polo suka koka mashi cewa gilashin agogonsu na fashewa in ana wasa. Wanda bai taɓa tsayawa bakin fili ba ba zai gane ba, ƙwallon nan tauri gareta kamar dutse kuma in sanda ta kuɓuce ta sami hannu ba gilashi ba har ƙashi sai ya ji. Da ya koma sai ya haɗu da Jacques-David LeCoultre, suka ba wani injiniya Bafaranshe René-Alfred Chauvot aikin, aka yi rajistar zanen a Paris ranar 4 ga Maris 1931. Dabarar ita ce agogon yana zaune cikin wani ɗan faranti, sai ka tura shi gefe da yatsa ya zame, ka juya shi ya kifa, ka maida shi ya ce ƙas, fuska ta koma ciki bayan ƙarfe ya fito waje. To ka gani, abin da zai zame a kan layi ya juya dole ya zama mai miƙaƙƙen gefe, zagayayye ba zai yi ba. Nan kusurwa huɗun ba ado bace, ita ce aikin.

Mu nan Katsina kowa ya san Sarki Muhammadu Dikko ne ya kafa polo, Sarki Usman Nagogo kuma ya kai ta inda ya kai ta, har yau in ana gasa a Katsina ko Kaduna ko Kano zaka ga manya sun hallara, shi yasa ni in na ga Reverso sai in ji kamar namu ne duk da a wani ƙauye cikin duwatsun Suwizalan, Le Sentier, ake ƙera shi. Gaskiya dai yau ba mai hawa doki da shi, kuɗinsa ya wuce a kai shi gaban sanda.

Abin da ya sa masu tarawa ke mutuwar son shi shine bayan nan da babu komai. Fili ne aka bar maka. Tun shekarun 1930 mutane ke sa a zana masu suna ko tambarin gida ko hoto, Amelia Earhart matuƙiyar jirgin nan ta Amurka an zana mata hanyar tafiyarta daga birnin Mexico zuwa New York ta 1935 a bayan nata. Nawa na ƙarfe ne, mai wani da hannu, wato wanda ake murɗawa da hannu ba batir, na saye shi na hannu ba sabo ba, na sa aka rubuta sunan mahaifiyata da ajami a baya da shekarar da ta rasu. Ba wanda ke gani. In ina zaune a taro raina ya ɓaci ko na gaji sai in tura shi da babban yatsa in juya in duba in maida, sakan uku, ba wanda ya san mi na yi. Ka faɗa mani wane zagayayyen agogo zai ba ni wannan.

Kuma saura kaɗan ya ɓace fa. Bayan yaƙin duniya na biyu aka koma yayin zagayayyu aka daina yin shi, sai a 1972 wani dillali ɗan Italiya Giorgio Corvo ya je masana'antar ya tarar da ragowar gidajen agogon guda 200 babu inji, ya saye su duka ya sa aka saka masu inji, suka ƙare a Italiya nan da nan, daga nan kamfanin ya farga. A 1994 suka fito da Duoface mai fuska biyu, gaba lokacin gida baya lokacin inda ka je, inji ɗaya ke tuƙa su, mai yawan zuwa Umara ko Chana zai ji daɗin shi.

Baba Mai Gyara:

Sannunku yara. Ɗana ne ya nuna min wannan hira yace in sa baki, ni sama da shekara talatin ina buɗe agogo a kasuwa, tarihi na bar wa su Abu Khalil, ni abin da hannuna ya taɓa zan faɗa.

Ɗan Fagge kafin ka saya ka san abu ɗaya, kai mai alwala ne sau biyar a rana. Agogo zagayayye robar da take hana ruwa shiga zobe ce, in aka ɗaure murfi tana matsuwa daidai ta ko'ina, wasu ma murfin juya shi ake kamar murfin kwalba, abin da Rolex suka yi suna dashi kenan tun 1926. Mai kusurwa huɗu ba'a juya murfinsa, ƙananan sukurori ne suke riƙe shi ko a danna shi, kuma a kusurwa ne roba take fara gajiya. Shi yasa yawancin irin su Tank da Reverso zaka ga an rubuta mita 30, kuma kada wannan rubutu ya ruɗe ka, ba wai ka nutsa dashi mita talatin ba, ma'anarsa fantsalin ruwa da yayyafi kawai. Ka cire shi in zaka yi alwala, ka sa a aljihun gaba, kada ka ajiye a kan dakalin masallaci. An sha kawo min agogo mai tsada gilashi ya yi hazo daga ciki, in na buɗe sai in ga tsatsa ta fara cin wajen sandar wani, mai shi yana rantsuwa bai taɓa wanka dashi ba, alwala ce kawai ta shekara biyu. Fatar ma haka, zafin Afrilu da gumi in kana ɗaurawa kullum da wuya ta shekara bata fara wari da tsagewa ba, ka tanadi ta canji, kuma ta kamfani tsada gareta.

Sai gilashi. Zagayayye in ya fashe awo kawai zan yi in ɗauko a cikin kwali, kowane milimita akwai. Mai kusurwa, balle mai lanƙwasa, sai an yi oda ko a yanka, wani lokaci wata biyu agogo yana kwance a durowa.

Amma fa in gaya maka gaskiya, ranar da na fara buɗe wani tsohon agogo dogo naga injin shima dogo ne, an ƙera shi daidai da gidan, ya cika shi ƙofa zuwa ƙofa babu wajen da ƙuda zai sauka, sai da na kira maƙwabcina ya zo ya gani. Don yawanci abin da ake yi shine a ɗauko ɗan ƙaramin inji zagayayye a jefa cikin gida mai kusurwa a cike gefen da zoben roba ko ƙarfe, yafi sauƙi yafi arha. Wanda aka yi wa injinsa na kansa an sake jera ƙananan ƙafafun injin masu haƙora ne gaba ɗaya a tsaye don su shiga, aiki ne na daban, kuma shi masu tarawa na gaske suke nema. Reverso mai wani da hannu irin na Bakatsine haka injinsa yake. In mai sayarwa ya faɗa maka kuɗi mai yawa ka tambaye shi wane irin inji ne a ciki, in ya fara kame-kame ka san inda ka tsaya.

Jabu kuwa sun cika gari, kuma Tank yafi kowanne sauƙin kwaikwaya don ba wani tarkace a fuskarsa. Wata uku da suka wuce wani yaro ya kawo min nasa a canja batir, yace a wajen wani mutum ya saya a intanet har da kwali da kati, ina buɗewa naga injin da ake sa wa agogon dubu biyar, yaron nan sai da ya zauna a benci ya riƙe kai, ni kaina ranar ban ji daɗin abinci ba. Tank na gaske in ka sa madubin gyara a kan lamba bakwai, VII, zaka ga a ƙafa ɗaya ta V ɗin an rubuta CARTIER da ƙananan baƙaƙe tsaf-tsaf, wasu a kan X suke sawa, hannayen kuma shuɗin nasu na wuta ne, ƙarfe aka gasa har ya yi shuɗi, in ka juya shi a haske yana canjawa daga baƙi-baƙi zuwa shuɗi, na jabu fenti ne launi ɗaya. Sai dai masu jabun yanzu suma sun koyi rubutun, don haka kada ka biya sai an buɗe a gabanka wajen wanda ka yarda dashi, ko ka saya a kantin kamfanin da rasit.

Na Damagaram:

Ni kam zan ɗan saɓa da ku, ku yi haƙuri. Ba wai ban ga kyansu ba, na gani, amma Ɗan Fagge yace shekara biyu yana tara kuɗi, ya kamata a gaya mishi ɗayan gefen.

Yayi yana ciki, kada mu ɓoye. Shekaru goma sha biyar da suka wuce kowa ƙaton agogo yake nema milimita 44 zuwa sama, sannan aka koma kan agoguna masu tsada irin su Daytona na Rolex da Nautilus na Patek Philippe da Royal Oak na Audemars Piguet na ƙarfe har kuɗinsu ya haukace a 2021 zuwa farkon 2022 sannan ya faɗo, da mutane suka gaji da layi da tsada sai suka juya kan ƙananan agoguna na da, mawaƙa da 'yan fim na Amurka suka fara ɗaura Cartier, Instagram ya ɗauka. Yanzu Cartier ne na biyu a ciniki bayan Rolex cikin agogunan Suwizalan. Abin da yayi ya ɗaga kuma yayi zai iya saukewa. Tank Must na ƙarfe mai batir sabo ya haura dala dubu uku, ka lissafa da naira ko da sefa ka ji, kuma ranar da ka fito dashi daga kanti in kace zaka sayar ba zaka samu kuɗinka cif ba, a garuruwanmu ma wa zai saya? Rolex ko a tasha ka ciro za'a taya. Reverso kuwa ya ninka wannan kuɗin, kuma shima yana faɗuwa a na hannu, shi yasa Bakatsine ya yi dabara da ya sayi nashi na hannu.

Sai babbar maganar da ba wanda ya tsaya a kanta sosai, zinare. Mafi kyawun masu kusurwar nan, Tank Louis Cartier, Cintrée, Gondolo, Cabaret, kusan duk zinare ne ko filatinam, kuma mun san hukuncin zinare ga namiji musulmi. Farin zinare ma zinare ne, kada launi ya ruɗe ka. Har tsofaffin Must de Cartier na 1977 zuwa sama da ake samu da ɗan sauƙi, azurfa ce aka shafe ta da ruwan zinare, wannan sai ka tambayi malaminka kafin ka saya, ni ba zan yi fatawa ba. Abin da ya rage mana shine na ƙarfe.

Shawarata ka fara da mai sauƙi. Seiko suna da ɗan dogo mai lambobin Romawa wanda ake ce ma Seiko Tank, kuɗinsa bai kai dala ɗari uku ba, in kana son ka ɗan hau akwai Longines DolceVita da suke yi tun 1997. Ka ɗaura wata shida. In har lokacin kana jin shi a rai sai ka je ga babban.

Maman Ilham:

Salam. Ni maganar "na mata ne" ce ta sa na shigo. Ina da Tank Française na ƙarfe da maigidana ya saya min shekara shida da suka wuce, kuma abin da na lura shine yanzu shi yake ɗauka ranar juma'a in ya sa farar shadda, har sai da muka je aka ƙara wa sarƙar ƙwaya biyu, in zan sa sai in matse a wajen maƙullin. Babu wanda ya taɓa ce masa komai sai dai a tambaye shi a ina ya samu.

Kuma ku maza baku lura da wani abu ba, hannun kaftaninku mai maɓalli ko mai links matsattse ne, ƙaton agogo baya shiga ƙarƙashinsa, sai kaga mutum ya yi ɗinki mai tsada amma hannu ɗaya ya tattare a bayan agogo kamar an ɗaure buhu, ko kuma bakin hannun ya cinye ya yi baƙi. Siririn nan shigewa yake ya kwanta, sai ka miƙa hannu sannan ya leƙo, kamar dai yadda Ɗan Fagge ya gani a hannun dattijon. Ga aikin wuya da na aljihu duk layi-layi ne a miƙe, hular ma haka, agogo mai kusurwa yafi tafiya dasu.

Na Damagaram gaskiyarka a kan kuɗi, amma wani lokacin ba ƙarfen ake saye ba. Tank ɗin Jackie Kennedy, matar tsohon shugaban Amurka John Kennedy, da aka ba ta kyauta a 1963 an yi gwanjonsa a gidan gwanjo na Christie's a 2017 kan dala 379,500, ɗan ƙaramin abu duk ya sha jiki. Ni nawa ba zai taɓa yin wannan kuɗin ba amma Ilham ta riga ta ce nata ne, tana aji uku na firamare.

Ɗan Fagge:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, wallahi na ƙaru fiye da yadda na zata. Jiya da daddare na je gidan yaya na karɓo Radon Baba, ashe batir ne kawai ya mutu tun bayan rasuwarsa ba wanda ya taɓa shi, yana cikin wata 'yar jakar Makka tare da carbinsa. Na ɗaura shi haka nan baya tafiya na zauna dashi har sha ɗaya, matata tana ta kallona bata ce komai ba.

Baba Mai Gyara in Allah ya kaimu asabar zan kai shi a sa batir a duba robar. Tambaya ɗaya ta rage, in na yanke shawarar Tank Must ɗin nan gaba, naga akwai ƙarami akwai babba akwai wani babba sosai mai otomatik, hannuna ba shi da kauri, kuma ba kantinsu kusa balle na gwada, ya zan gane wanda zai dace dani?

Baba Mai Gyara:

Allah ya jiƙan mahaifinka ɗana. In ka kai Radon kace a duba ko tsohon batirin ya zubar da ruwa a ciki, shekarun da ya yi a kwance zai iya, in ya yi fari-fari a wajen a goge da kyau kafin a sa sabo, kuma kada ka bari a ɓalle murfin da wuƙa.

Maganar awo kuwa ga yadda nake sa mutane su yi. Kada ka kwatanta lambar da ta zagayayye, mai kusurwa yana cika hannu fiye da yadda lambarsa take nunawa saboda kusurwoyin. Wanda suke ce wa babba tsayinsa milimita 33.7 ne faɗi 25.5, a takarda kamar ƙarami amma shine yake zama a hannun yawancin maza. Ka samu kwalin magani ko na shayi, ka sa rula ka yanka daidai wannan awon, ka liƙa a hannunka da salatif, ka sa kaftanin da kafi sawa ka tsaya gaban madubi daga ɗan nesa, ba ka kalli hannun daga sama ba. In saman kwalin da ƙasansa basu kai bakin hannunka ba, akwai sauran wajen da fata zata lanƙwasa, to ya yi. Ka yanka na otomatik ɗin ma ka gwada, shi ya kai milimita 41 a tsaye, a siririn hannu ina zaton zai yi maka yawa, amma ka gwada ka turo mana hoto mu gani.